Maƙwabcinmu ya tashi lokacin Kirsimeti ya bar karya da 'ya'ya biyar, ina zan kai su?

Maman Khalil:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Shawara nake nema, a yi haƙuri da tsawon rubutun.

A Bukuru muke. Wani ɗan haya a gidan da ke jikin namu ya loda kayansa ranar Asabar, ya ce zai je garinsu Kirsimeti. Sai da mota ta tafi muka gane ashe tashi ya yi gaba ɗaya, don har labule ya cire. Karyarsa ce kawai bai ɗauka ba. Ya bar ta ɗaure a kangon bayan gida da 'yan kwikwiyo biyar da ba su daɗe da buɗe ido ba. Kwana biyu muna jin kuka cikin dare, na zaci nokawut ɗin da yara ke fasawa ne ke firgita ta. Ranar Litinin na leƙa. Robar ruwanta ta bushe ƙayau har ƙura ta kwanta a ciki, igiya ta ci mata wuya, 'ya'yan sun cure cikin wani tsohon buhun siminti. Kun dai san sanyin Jos a Disamba. Wallahi kasa juyawa na yi.

Tun ranar nake kai mata ƙanzo da ruwa. To Hajiya, mahaifiyar maigidana, ta ce muddin ina zuwa wurin kare kada in ƙara taɓa mata kwano. Maigida ya ba ni zuwa Juma'a in san yadda zan yi da su. Jiya wani mai babur da kejin ƙarfe a baya ya ce zai sayi uwar, 'ya'yan kuma in zubar. Da yamma kuma Khalil, shekararsa bakwai, ya miƙa hannu zai ɗauki ɗaya, uwar ta kai masa cafka. Ɗan karcewa ce a bayan hannu, jini kaɗan, na goge na shafa masa man kaɗanya.

Ni ba riƙe su zan yi ba, ba ni da wuri. So nake su samu gidan da ba tukunya za su ƙare ba. Wa ake ba? Kuma abin da nake yi laifi ne a addini?

Dakta (likitan dabbobi):
Maman Khalil, ajiye maganar karnukan tukuna, ta Khalil ce a gaba. Ki wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa, minti 15 cur, ko da an kwana. Sannan ki kai shi asibiti yau, ba gobe ba, ki gaya musu haƙorin kare ne wanda ba a san ko an taɓa yi masa rigakafi ba, kuma jini ya fita. Za su fara masa allurar ciwon haukan kare. Ba guda ɗaya ba ce: akwai ta ranar farko, ta rana ta 3, ta rana ta 7, sauran su za su rubuta miki. Akwai kuma wata da ake yi a bakin ciwon in sun ga da buƙata. Da tsada, na sani, amma kada a tsallake ko ɗaya.

Kada ƙanƙantar ciwon ta ruɗe ki. Cutar a yawu take, takan yi wata biyu ko uku a jiki shiru, kuma da zarar alamu sun fito, irin su tsoron ruwa da firgita, kusan babu mai tashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta tana kashe mutum 59,000 duk shekara, kuma yara ƙanana na cikin waɗanda ta fi ɗauka.

Mai yiwuwa lafiyar karyar ƙalau, don kowace mai shayarwa haka take yi in aka taɓa mata ɗa. Amma a tsare ta kwana 10 ana kallonta. In ta cika kwanakin tana ci tana sha, to ba ta ɗauke da cutar a yawunta ranar da ta cafke shi. In ta mutu, ko ta fara dalalar da yawu, ko cizon duk abin da ta gani, kada kowa ya taɓa ta, a kira likitan dabbobi a kai gwaji Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Vom, ga ta nan kusa da ku. Saboda haka ba a sayarwa, ba a kashewa, ba a saki. Ki nuna wa maigida wannan, wa'adin Juma'a ba zai yiwu ba.

Abu Sumayya:
Allah ya ba yaro lafiya. Amma fisabilillahi, mutane na kwana da yunwa a garin nan, mu kuma muna nan muna taro a kan kare? Ki karɓi kuɗin mai babur ki sayi allurar da su, kowa ya huta.

Malam Babba:
Abu Sumayya, ƙanzo ne fa take ba ta, ba ta cire daga bakin maraya ba.

'Yata Maman Khalil, ba laifi kika yi ba. Hadisi ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa wani mutum ya ga kare yana lallage harshe yana cin danshin ƙasa don ƙishi, ya koma cikin rijiya ya ciko huffinsa ya shayar da shi, Allah ya gafarta masa. Wata mata kuma ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ba ta abinci ba, ba ta sake ta ba. Wanda ya ɗaure dabba ya tafi shi ke da abin tsoro, ba ke ba.

Maganar Hajiya kuwa, a mazhabarmu ta Malikiyya duk mai rai mai tsarki ne, har yawunsa. In kare ya sa baki a ƙwarya ana zubar da ruwan a wanke sau bakwai don bin umarni. Shafi'awa ne suka ɗauke shi najasa. Amma kada ki je ki tsaya yi wa surukarki karatu. Ki ware wa karyar robarta, ki riƙa wanke hannu a gaban Hajiya, ki ce mata yaro ne ake jiran a ga lafiyarsa.

Abin da aka hana shi ne ajiye kare haka kawai. An yi izini don farauta, kiwo da gadin gona. Cin kuɗin kare kuma an yi hani a kai, don haka ki bayar kyauta ga masu wannan buƙata.

Maman Nanret:
'Yar'uwa sannu da ƙoƙari. Ni 'yar Pankshin ce, bari in gaya miki inda mai babur ɗin nan zai nufa. Kasuwar Dawaki da ke Kanke maƙwabtanmu ce, babbar kasuwar karnuka ce, daga can ake lodin su a mota zuwa kudu. Lokacin biki nama na tsada, shi ya sa ake yawan satar karnuka a Disamba. Tunda ya ga inda take, ina jin tsoron ya dawo da dare. Ki canza mata wuri, ko a sa wa kangon ƙyaure da kwaɗo.

Kuma in kin sa sanarwa, ki yi hattara da mai cewa a ba shi duka shidan. Mai son kare don gadi ɗaya yake nema, ko biyu. Akwai wata a cocinmu mai gonar kaji a hanyar Vom, ɓarayi sun dame ta, zan yi mata magana.

Baban Iman:
Abu ɗaya kowa ya manta: karyar nan tana da mai ita. Gobe ya dawo a Janairu ya ce an sayar masa da dabba, a wayi gari ana ofishin 'yan sanda. Ki karɓi lambarsa wurin mai gidan hayar, a kira shi a gaban mai unguwa, in ya ce ya bar ta to a sa shi ya turo saƙo a rubuce. Mun ga rigimar da ta fi wannan ƙanƙanta ta zama ta unguwa da unguwa a garin nan.

Ɗan Baka na Toro:
Maman Khalil, ni maharbi ne, gadonmu ne. In sun isa raba su da nono ina son biyu, namiji da mace. Kada ki ba kowa yanzu, wanda aka cire da wuri ko ya rayu ba ya ƙwari. Kuma kada ki miƙa wa yaran unguwa don sun ce suna so. Kwana uku za su ja shi da igiya a rana, uwarsu ta kore shi, ya koma bola. Duk wanda ya zo ki tambaye shi me zai ba shi ya ci, ina zai kwana, kuma matar gidan ta yarda? In ya fara kame-kame ki sallame shi. Zuwa da kai ya fi aike, a tura wani ya ga wurin.

Ki gwada rugagen Fulani ma, da masu lambun rani. Su sun san darajar kare.

Dakta (likitan dabbobi):
Gaskiyar Ɗan Baka ce, sai sun yi mako takwas. Tunda sun buɗe ido sun haura kwana goma, kenan sai wajen ƙarshen Janairu ko farkon Fabrairu. Kafin nan, uwar za a ciyar, ita ta ciyar da su. Mai shayarwa tana cin ninki biyu ko uku na abin da ta saba, kuma ƙanzo kaɗai ba zai kawo nono ba. A haɗa mata da kan kifi, dafaffen ƙwai, ko tarkacen mahauta a dafa. Ban da albasa, ban da ƙashin kaza dafaffe, ban da farasitamol. In sun kai mako uku zuwa huɗu za su fara lasar abinci mai ruwa-ruwa. Madarar shanu takan sa su zawo. A shimfiɗa musu kwali da tsumma, a kare su daga iska, don sanyi na kashe su da sauri.

In kin ga kaska ko ƙuma, don Allah kada a zuba musu fiya-fiya, kalanzir ko baƙin mai. Na karɓi 'yan kwikwiyo da yawa suna karkarwa saboda wannan, wasu ba su kai gida ba. A zo asibitin dabbobi a karɓi maganin tsutsa da na kaska daidai nauyinsu. Rigakafin cutar amai da zawon jini daga mako shida zuwa takwas ake farawa, na hauka kuma a wata uku, sannan duk shekara. Ki sa wannan cikin sharaɗin duk mai ɗauka. Uwar kuma in an yaye a yi mata aikin hana haihuwa, in ba haka ba sau biyu a shekara za ta iya ɗaukar ciki, cikin kuma wata biyu ne kacal.

Maman Khalil:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. An yi wa Khalil allura ta farko da ta biyu, ya sha kuka. Maigida da ya karanta bayanin Dakta shi da kansa ya sa kafinta ya buga wa kangon ƙyaure. Mai unguwa ya kira mutumin, ya ce mu yi yadda muka ga dama, ya kuma turo a rubuce. Hajiya dai har yanzu ba ta bari in taɓa mata kwano, da kanta take zuba abincinta.

Ƙaramin cikinsu ya mutu daren Alhamis, da safe na same shi a gefe ya sandare. Saura huɗu. Baba na Toro biyu, mai gonar kaji ɗaya, wani mai lambu ya ce zai zo ya ga na huɗun. Uwar ce babu wanda ya tambaya. Yau kwana shida, tana ci tana sha, har ta fara kaɗa min jela. Dakta, gawar ƙaramin na sa an binne, ko da Vom ya kamata a kai?

Dakta (likitan dabbobi):
A irin wannan ƙuruciyar sanyi ko yunwa ne suka fi kashe su, amma in wani ya sake mutuwa kada a binne, a kira ni. A ci gaba da ƙirga wa uwar, saura kwana huɗu, kuma allurar Khalil ta rana ta 7 na nan. Turo min hoton uwar ta akwatin saƙo, masu gadin wata makaranta sun taɓa tambayata babbar karya.