Neman kalma: fuskar da ake haskawa bayan an nuna nakasasshe

'Yar Mamobi: Assalamu alaikum, iyayena da yayyena na wannan zaure. Ina haɗa wani shiri na Hausa da gidan rediyonmu zai watsa ranar 3 ga Disamba, ranar nakasassu ta duniya, kuma an ce in miƙa rubutun kafin la'asar ɗin Alhamis. Batun shi ne yadda wasan kwaikwayo na talabijin yake nuna nakasasshe ta inda ake dasa kyamara da yadda ake jera hotuna, ba ta abin da 'yan wasa suke faɗa ba. Inda na cije shi ne abin da Turawa suke kira "reaction shot": a nuna gurgu yana fama da matakala, nan take a yanke, sai fuskar matarsa ko ta maƙwabcinsa ta cika allo da hawaye. Tunda rediyo ne, ba ni da hoton da zan nuna, dole kalmar ta ɗauki nauyin bayanin da kanta. Na rubuta "hoton martani", amma bai kwanta mini ba.

Mai Kyamara: Wa'alaikumus salam, ƙanwata. A wurin aiki riyakshan muke cewa, daga mu da muka koyi sana'ar a NAFTI, makarantar koyon aikin fim da talabijin, nan Akra har abokan aikinmu na Kano, kuma ban taɓa jin darakta ya kira shi da wani suna ba. Amma kafin a raɗa masa suna, ya kamata a san aikinsa. Fiye da shekara 100 da suka wuce wani mai shirya fim ɗan Rasha, Lev Kuleshov, ya ɗauki fuskar ɗan wasa guda wadda ba ta nuna komai, ya jera ta bayan kwanon miya, da bayan gawa a akwati, da bayan wata mace, sai masu kallo suka ga yunwa a ta farko, baƙin ciki a ta biyu, sha'awa a ta uku, alhali hoto ɗaya ne. Ke nan ma'anar ba a cikin fuskar take ba, tana cikin jerin. Idan aka sa fuskar mai kuka bayan gurgu, an riga an gaya wa na gida cewa abin da ya gani abin kuka ne, ko da gurgun kansa hawa kawai yake yi kamar yadda ya saba. "Hoton martani" ya yi mini, domin martani ne ga hoton da ya gabata.

Malamin Nima: 'Yata, kunnenki ya fi alƙalaminki gaskiya, shi ya sa bai kwanta miki ba. Duk wanda ya tashi da sauraron labaran Hausa ya san martani abokin raddi ne: 'yan adawa su yi zargi, gwamnati ta mayar da martani. Mai sauraro zai ɗauka wannan fuskar gardama take yi da gurgun, alhali ba ta musa komai ba. Ga abin da nake ba da shawara: "fuskar amshi". Mawaƙi yana bayarwa, 'yan amshi suna karɓa, kuma da amshin ne jama'ar da ke wurin suke gane inda za su bi waƙar. Haka wannan hoto yake, na farko ya bayar, na biyu ya amsa, na gida ya bi. Kalma ce tamu tun kaka da kakanni, kuma tsohuwa a Sabon Zango za ta gane ta ba tare da an buɗe mata ƙamus ba.

Hajiyar Madina: Malam, Allah ya ƙara sani. Ni da kurame nake aiki, kuma ta wannan ɓangaren amshi bai dace da abin da nake gani ba. Kurma da hannu yake magana, da fuska, da kafaɗa, saboda haka dole hoto ya kama shi daga ka har ƙugu, kamar yadda ake nuna mai fassarar ishara a kusurwar allo lokacin labaran GTV, gidan talabijin na ƙasar Gana. A wasan kwaikwayo kuwa, yana tsakiyar jimla sai a yanke zuwa fuskar uwarsa, ko a matso da kyamara kan idanunsa har hannayen su fita daga allo. Ga mai ji, ba a rasa komai ba, domin akwai wanda zai maimaita maganar da baki. Ga kurman da ke kallo a gida, an katse wa ɗan'uwansa magana ne a bainar jama'a. Ɗan amshi yana jira mawaƙi ya dire, wannan hoton kuwa ba ya jira. Me zai hana a ce "fuskar mai gani" ko "fuskar shaida"?

Malamin Nima: Hajiya, "mai gani" zai rikice da mai kallo na gida, shi ma ai gani yake yi, "shaida" kuma za ta kai tunanin mutane kotu ko wurin ɗaurin aure. Abin da kika kawo na katse magana laifin wanda ya jera hotunan ne, ba na sunan ba. Ɗan amshin da ya yi wa mawaƙi shigar sauri har yanzu ɗan amshi ne, sai dai mara tarbiyya. Ina nan a kan "fuskar amshi".

Mai Kyamara: Malam, da girmamawa, akwai matsala biyu. Ta farko, wannan hoto ba kullum yake goyon bayan na gabansa ba. Sau da yawa mutum yana rantsuwa, sai a yanke zuwa fuskar wanda ya san ƙarya yake yi, kuma wannan ba amshi ba ne ta kowace fuska. Ta biyu, Bahaushen yau idan ya ji amshi, "'yan amshin Shata" ne zai faɗo masa, wato masu cewa to ga duk abin da aka faɗa. Idan ƙanwata ta ce "fuskar amshi" a rediyo, wasu dariya za su yi kafin ta kai ƙarshen jimla. Ni da ita ce, riyakshan zan ce, in yi bayaninsa sau ɗaya, in wuce. Kyamara da fim da darakta da talabijin duk aro ne, kuma babu wanda ya ce Hausa ta mutu saboda su.

Malamin Nima: Wannan ita ce cutar da ke cin harshenmu, ɗana. Kyamara ƙarfe ce da ta zo da sunanta daga waje, amma amsawar fuska ba Bature ne ya kawo mana ita ba, to don me za mu ari sunanta? Mu a nan Gana an riga an sa mana ido, ana cewa Hausar zango ba ta bambance mace da namiji, ana cewa rabinta Turanci ne rabinta Tuwi. Yanzu kuma shirinmu ya hau intanet, malaman Jami'ar Bayero su ji muna cewa riyakshan, mu tabbatar musu da abin da suke faɗa? Ku duba ƙamusun Bargery na 1934, ku ga yawan kalmomin da muka bari suna kwance muna bara a ƙofar Turanci. Batun 'yan amshin Shata kuwa ni ƙarfi ya ƙara mini, domin fuskar nan aikinta ke nan, ta mayar da mai kallo ɗan amshi.

Dattijon Asawase: Malam, ni daga Kumasi nake bin zancen, kuma amshinka bai ɓata mini rai ba, amma hujjarka ta ɓata. Yarinyar nan ba don Kano take shiri ba, don mutanen Nima da Fadama da Ashaiman take yi. Tun yaushe muka koma sai an sa mana hannu daga can? Alhaji Umaru na Karaki a ƙasar nan ya zauna, a nan ya rubuta waƙoƙinsa na Hausa da ajami har ya rasu a 1934, kuma malaman jami'o'i har yau nazarinsu suke yi. Su kansu 'yan fim na Kano, kamar yadda wannan yaron ya shaida, riyakshan suke cewa, shutin suke cewa, lokeshin suke cewa. Idan za ka kare kalmarka, ka kare ta da cewa ta dace, kada ka kare ta da tsoron dariyar wani.

Malamin Nima: Baba, Alhaji Umaru a Kano aka haife shi, a can ƙasar Hausa ya yi karatu kafin ya zo Salaga.

Dattijon Asawase: To, kuma sai da ya zo nan ya yi abin da ake tunawa da shi.

Mai Keken Fadama: Iyayena, ku gafarce ni in sa baki, tunda ni ne wanda ake nunawa kafin a yanke. Sunan bai dame ni ba kamar alƙiblar da hoton yake fuskanta. Ku lura da wasannin da kuke kallo, na Gana ne ko na Najeriya: sau nawa aka nuna lafiyayye yana wata wauta, aka yanke zuwa fuskar gurgu ko makaho don a ga yadda shi ya ɗauki abin? Da wuya. Wanda ake ba wannan hoton shi ne mutum a cikin labarin, shi ne mai zuciya da ra'ayi, wanda aka yanke daga kansa kuwa dalili ne kawai na hawayen wani. Sannan akwai tsayin kyamara. Ana dasa ta daidai idon mai tsaye, saboda haka ni da ke kan keke kullum daga sama ake leƙo ni, kamar yadda ake leƙa yaro. A sauke ta zuwa daidai idona, sai ka ga duniyar da nake gani, ƙugun mutane da kantocin da suka fi ni tsayi. Abin da ya fi ci mini rai kuwa shi ne abin da fuskar take rufewa. Dokar nakasassu ta ƙasar nan, mai lamba 715 ta shekarar 2006, ta ba masu gine-ginen jama'a shekara 10 su gyara su yadda za mu iya shiga, wa'adin ya cika a 2016, kuma Gana ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙinmu a 2012. Da za a ja kyamara baya a wannan fitowar ta matakala, da an ga ginin da ba shi da gangaren keke, da kwalbatin da ba ta da murfi, sai mai kallo ya tambayi wanda ya gina. Da aka cika allo da fuskar mai kuka, tambayar ta tafi, saura "Allah sarki". Saboda haka, ƙanwata, ko wace kalma kika ɗauka, ki tabbata ta ba ki damar cewa "an hana shi ita". Ana iya cewa an hana gurgu fuskar amshi, kuma ana iya cewa an hana shi hoton martani. Na biyun ya fi mini, domin abin da aka hana ni ke nan, in mayar da martani.

Malamin Nima: Ɗana, maganarka ta shiga, kuma ba ni da abin cewa a kan matakala. Sai dai ka lura ka juya kalmar ne zuwa ma'anar raddi, wadda ita ce na ce tana cikinta tun farko.

Mai Keken Fadama: Haka ne, Malam, kuma da gangan na yi.

Hajiyar Madina: Wani abu kuma, 'yata, tunda rubutun bai tafi ba. Na ga kin yi ta cewa nakasasshe da gurgu. Kafofin labarai da yawa yanzu "masu buƙata ta musamman" suke cewa, kuma wasu iyayen yaran da nake koyarwa ba sa son jin kalmar nakasa ko kaɗan.

Mai Keken Fadama: Hajiya, ni gurgu ne, kuma a garuruwan Hausa Sarkin Guragu da Sarkin Makafi da sunan suke amsa sarautarsu. Matakalar da zan iya hawa ba buƙata ta musamman ba ce. Amma ba zan yi magana da yawun iyayen yaranki ba.

'Yar Mamobi: Na gode muku ƙwarai, iyayena. Ga yadda zan yi, domin lokaci ya matse. A farkon shirin zan ce masu sana'a riyakshan suke kiransa, sau ɗaya tak, don wanda ya san aikin ya gane inda na dosa. Daga nan "hoton martani" zan riƙe a matsayin sunan dabarar gaba ɗaya, saboda hujjar yayana na Fadama. Inda nake magana a kan fuskar tausayi da ke koya wa na gida yadda zai ji, a nan zan sa "fuskar amshi", in kuma ce wani malaminmu ne ya ba mu ita. Zan ce nakasassu, in ambaci cewa akwai waɗanda suka fi son ɗaya laƙabin. Saura guda: aikin jera hotunan, na rubuta "tacewa".

Mai Kyamara: A jikin finafinan Hausa "tace hoto" ake rubutawa, amma ki yi hattara, domin Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano ita ma tacewa take yi, kuma tata ta cire abin da bai dace ba ce. Mai sauraro zai zaci kina cewa hukuma ce ta yanke gurgun. Ki ce "yanka da haɗi".

Malamin Nima: Suna biyu ga abu ɗaya, da na aro a gaba yana musu jagora, wannan ba raɗin suna ba ne, sulhu ne, kuma ni ban sa hannu ba. Amma shirinki ne, 'yata, Allah ya ba da sa'a. Ki dai furta amshi da kyau, kada ya fito kamar amsa. "Yanka da haɗi" kuwa aikin tela ne, kuma idan Baba na Asawase ya yarda ya bar batun Salaga, ina da wata kalmar da ta fi ta.