Shin Nucor Ƙarfe Mai Tsabta Yake Yi?

Injiniya Bashir: Jama'a, ina nan kan bakana: kamfanin Nucor na Amurka ya nuna cewa ana iya yin ƙarfe ba tare da an turnuƙe duniya da hayaƙi ba. Tsofaffin motoci da gwangwan yake narkarwa a tanderun lantarki. Tanderun kwal yana fitar da kusan tan biyu na iskar kabon a kan kowane tan na ƙarfe, na lantarki kuwa bai kai rabin haka ba.

Hajiya Rabi: Injiniya, ai ba son muhalli ne ya kai su can ba. Asalinsu ma kamfanin motoci ne na REO. A 1965 sun kusa durƙushewa, Ken Iverson ya karɓi ragama. Masana'antarsu ta narka ƙarfe ta 1969 a garin Darlington na Amurka an gina ta ne don reshensu na Vulcraft, mai ƙera ƙarafan rufin gini, ya samu ƙarfe mai araha. Riba suka bi.

Injiniya Bashir: To Hajiya, in riba ce ta rage hayaƙin, ai ya ragu ɗin. Da can raina su ake yi, wai ba su wuce rodi ba. Sai ga shi a 1989 a masana'antarsu ta garin Crawfordsville sun fara fitar da falankin ƙarfe, kasuwar da manyan kamfanoni ke ganin tasu ce su kaɗai.

Malam Nura: Nan ne fa gizo ke saƙar. Tsohuwar mota cike take da wayoyin jan ƙarfe, kuma in ya narke a ciki, fitar da shi sai an sha wuya. Rodi yana jure hakan, amma falankin jikin mota sai ya riƙa tsagewa wajen murzawa. Dole a sirka da sabon ƙarfe daga tama. Shi ya sa Nucor ke da masana'antu a tsibirin Trinidad da jihar Louisiana ta Amurka masu sarrafa tama da iskar gas. Gas ɗin nan kuwa ba ruwan sha ba ne.

Hajiya Rabi: Ga kuma wutar da tanderun ke ci. In da kwal aka samar da ita, wuri kawai aka sauya wa hayaƙin.

Injiniya Bashir: Na yarda da batun wuta. Amma sun ɗau alkawarin kawar da hayaƙinsu nan da 2050.

Malam Nura: Alkawari daban, cikawa daban. Ni abin da ya fi damuna, gwangwan ɗin duniya bai isa ba. Ƙarfen gadar da aka gina bana ba zai dawo tanderu ba sai bayan gomman shekaru, ga Indiya tana ta gine-gine. A ina za ta samo tsohon ƙarfen da zai ishe ta, Injiniya?