Wace kalma za mu ba injin da ake kira "gas turbine"?

Jama'a, ina rubuta wani bayani ne a kan manyan motocin gwaji da aka ƙera a Amurka da Ingila tsakanin 1950 da farkon shekarun 1970, sai na cije a kan sunan injinsu. A 1950 kamfanin Boeing ya ɗora wa wata motar Kenworth ƙaramin inji irin na jirgin sama mai ƙarfin doki 175. A 1964 Ford ya fito da Big Red, jar gingimari mai jan tirela biyu, tsawonta ƙafa 96, ƙarfinta doki 600. Chevrolet ya biyo baya da Turbo Titan III a 1965, Leyland na Ingila kuma ya nuna tasa a 1968. Babu wadda ta zama motar kasuwa a cikinsu, saboda injin yana shan mai fiye da kima idan yana aiki a tsaye ko a ƙaramin gudu, ƙarafan da ke jure zafinsa suna da tsada, sannan tashin farashin mai na 1973 ya zo ya ƙarasa kashe maganar.

Abin da ya fara zuwa bakina shi ne "injin gas", amma ina ganin wannan ne ya kamata mu fara yarwa. Duk wanda ya taɓa tsayawa a tashar manyan motoci ya san cewa idan direba ya ce zai sha gas, man dizal yake nufi, don haka in ka ce masa "mota mai injin gas" ka kwatanta masa motar da yake tuƙawa kullum, wato ainihin injin da waɗancan kamfanoni suka so su maye gurbinsa. Uwargida kuma tukunyar girki za ta hango. Alhali a sunan Turancin, gas ɗin yana nufin iskar nan mai tsananin zafi da ke fita bayan mai ya ƙone. Injin yana zuƙar iska ya matse ta, a fesa mata mai a cinna wuta, sai hucin ya bugi jerin fukafukan ƙarfe da ke jikin wani sanda ya juya shi da matsanancin gudu. Babu fistin mai hawa da sauka, juyi ne kawai ba ƙaƙƙautawa.

Na duba "injin farfela", sai na tuna cewa a gareji farfela ita ce sandan da ke kai juyi daga giya zuwa tayoyin baya. Idan kuma muka Hausantar da kalmar "turbine" yadda take, za ta yi karo da tobo, wanda makanikai suka riga suka sani a jikin injin dizal, ko da yake dangi ne na kusa, tun da shi ma hayaƙin salansa ne ke juya shi. "Injin guguwa" yana da daɗin faɗa, yana kuma da hujja, domin tushen kalmar a Latin yana nufin guguwa ko abin da ke juyi kamar katantanwar da yara ke murzawa. Cikasinsa shi ne ba zai yi mana aiki a Kainji ko Shiroro ba, inda ruwa ne ke juya fukafukan.

Saboda haka shawarata ita ce "majuyi", a kan tsarin da ya ba mu mabuɗi da magogi, sai a riƙa jingina shi ga abin da ke tura shi: majuyin ruwa a Kainji, majuyin tururi a tashar lantarki ta Egbin, majuyin huci a ta Geregu da kuma cikin waɗannan motoci. Na zaɓi huci a kan hayaƙi domin huci ya haɗa zafi da ƙarfin fita, kamar na zugazugin maƙeri ko na bijimi idan ya fusata.

Ga jimlar da na gwada: "A 1964 Ford ya ƙera gingimari mai majuyin huci, amma shan mansa ya hana shi kawar da injin dizal." Makanikai da direbobin da ke cikinmu, ku karanta ta da ƙarfi ku gaya mini ko ta zauna a kunnenku.