Neman kalmar Hausa: me za mu kira "salary cap" a labarin zari-ruga?

Mai buɗe zance:

Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa. Ina cikin shirya sharhi a kan ƙungiyar zari-ruga ta Saracens da ke arewacin Landan, game da 'yan wasan da ta ɗauka da waɗanda suka bar ta da kuma abin da ake sa ran za ta iya yi a kakar 2025/26, sai na iske kalma guda ta tsayar mini da alƙalami. Sunan wasan kansa bai ba ni wahala ba, domin zari-ruga ya riga ya zauna a bakin masu bibiyar labarin wasanni. Abin da ya gagare ni shi ne wanda Turawa ke kira "salary cap", wato dokar gasar Premiership ta Ingila wadda ta tsayar da adadin kuɗin da ƙungiya ba za ta wuce shi ba wajen biyan 'yan wasanta baki ɗaya a cikin kaka guda.

Ba zai yiwu a yi maganar cefanen Saracens ba tare da wannan kalma ba, domin ita ce ta raba tarihin ƙungiyar gida biyu. Ta ɗauki kofin Turai a 2016 da 2017 da 2019, sannan a watan Nuwamba na 2019 aka ci ta tarar fam miliyan 5.36, aka kuma zaftare mata maki 35, bayan wani kwamiti ya same ta da wuce adadin da aka tsayar a kaka uku jere da juna, tare da rashin bayyana wasu kuɗaɗe da suka shafi harkokin jari tsakanin mai ƙungiyar na lokacin, Nigel Wray, da wasu manyan 'yan wasansa. A watan Janairu na 2020 aka ƙara zaftare mata maki 70, ta faɗa rukuni na biyu, kuma dole ta sa ta rabu da irin su Will Skelton da George Kruis, ta kuma bayar da aron Ben Earl da Max Malins ga Bristol. Ina neman kalma gajera wadda za ta shiga jimla sau goma a cikin sharhi guda ba tare da ta gundiri mai karatu ba.

Wani malamin Hausa daga Zariya:

Wa alaikumus salam, Malam. A ganina ba sai an je nesa ba, domin "iyakar albashi" ta wadatar, kuma duk mai jin Hausa ya san iyaka, ya san albashi. Ina dai roƙon kada wani ya ɗauko mana fassarar kalma da kalma ya ce "hular albashi", saboda hula a wurinmu ado ce da ake ɗorawa a ka, ba ta hana komai tsawo ba.

Mai buɗe zance:

Allah ya ƙara sani, Malam. Ita ce kalmar da ta fara zo mini, kuma har na rubuta ta kafin na goge. Dalilina shi ne kunnen mai karatu ya saba da "mafi ƙarancin albashi", wanda a Najeriya aka mayar da shi naira 70,000 a 2024, kuma wannan magana ce ta abin da ma'aikaci ɗaya zai karɓa. Idan ya ga "iyakar albashi" zai ɗauka kishiyar wancan ce, wato mafi yawan abin da za a biya ɗan wasa ɗaya, alhali dokar ba ta damu da abin da mutum ɗaya ya karɓa ba. Ƙungiya tana iya ba kyaftin ɗinta ninkin abin da take ba saura sau goma, muddin dai jimillar ba ta haura adadin ba. Wannan bambanci shi ne zuciyar labarin ɗaukar 'yan wasa, domin duk fam ɗin da aka ƙara wa gwani, daga bakin wani aka cire shi.

Wani ɗan jarida daga Damagaram:

Ranku ya daɗe, mu a nan Nijar ta Faransanci muke jin labarin, kuma gasar Top 14 ta Faransa tana da irin wannan doka. Kalmar da Faransawa ke amfani da ita tana nufin rufin ɗaki ne, abin da kai ba ya wuce shi, don haka nake ba da shawarar "rufin albashi". Hoton ya fito sarai, kuma kalmar ba ta da tsawo.

Wata malama daga Katsina:

Ina neman afuwar Malam na Damagaram, amma "rufi" a Hausa ya fi karkata ga ɓoyewa, kamar yadda muke cewa rufin asiri ko rufa-rufa. Wanda ya karanta cewa an hukunta Saracens a kan "rufin albashi" zai fahimci cewa laifinta ɓoye albashi ne, kuma ko da yake akwai batun rashin bayyana kuɗi a cikin shari'ar, ba shi ne sunan dokar ba. Ni da za a bi tawa, da an ɗauki "ƙayyade albashi", tun da mun san ƙayyade farashi a kasuwa, mun kuma san yadda wasu garuruwa ke ƙayyade kayan aure don kada masu hali su fi ƙarfin marasa hali. Manufar ɗaya ce da ta wannan doka, wato a hana mai kuɗi sayen duk gwanaye, a kuma hana ƙungiyoyi cin bashin da zai durƙusar da su. Na yi tunanin "haddi", sai na ga nauyinsa na shari'a ya fi ƙarfin maganar wasa.

Mai buɗe zance:

Malama ta taɓo manufar dokar daidai, kuma abin da ya faru a Ingila ya gaskata ta, domin tsakanin 2022 da 2023 ƙungiyoyi uku, Worcester da Wasps da London Irish, suka durƙushe saboda bashi, gasar ta koma ta ƙungiyoyi 10. Zan riƙe "dokar ƙayyade albashi" a matsayin sunan tsarin. Sai dai akwai wurin da ba ta shiga, domin kalmar Turancin tana nufin dokar, tana kuma nufin adadin kansa. Bayan annobar korona an rage adadin zuwa fam miliyan 5, sannan aka mayar da shi fam miliyan 6.4 a kakar 2024/25. Ba zan iya cewa "an rage ƙayyade albashi" ko "ƙungiyar ta cika ƙayyade albashinta" ba, jimlar ba ta tsayuwa da ƙafarta. Suna nake nema wanda ake ɗagawa, ake saukewa, ake cikawa, ake kuma ƙetarewa.

Wani dattijo, tsohon ma'aikacin rediyo daga Kano:

Yaro, abin da kake nema yana bakin direbobi da masu awo tun kafin a haife ka, wato geji. Muna cewa abu ya kai geji, muna cewa ya wuce geji, kuma ba wanda zai ji haka ya ɗauka mutum ɗaya ake nufi, domin geji ma'aunin abin da ke cikin tanki ne gaba ɗaya. Ka ce "gejin albashi" ka gwada shi a jimlolinka. Na san za a ce asalin kalmar Turanci ne, amma haka koci da fam da kyaftin suke, kuma ta daɗe a gidanmu har ta zama 'yar gida. Lokacin da muka fara cewa "kakar wasa" an yi ta musu cewa kaka ta manoma ce, yau kuwa ba mai ɗaga kai idan ya ji ta.

Malamin Zariya:

Baba ya kawo kalma mai kyau, kuma na janye tawa. Gyara ɗaya nake da shi, wato a ambaton farko a rubuta "gejin albashin 'yan wasa" cikakke, domin dokar ba ta haɗa da masu horarwa ba. Ƙungiya tana iya kashe abin da ta ga dama a kan koci da mataimakansa, kuma ya kamata mai karatu ya gane haka tun daga sunan.

Mai buɗe zance:

Na gode, Baba, na gode, Malam. Gyaran nan ya buɗe mini wani ɓangare na sharhin da ban lura da shi ba. Tun da kowace ƙungiya geji ɗaya take da shi wajen sayen 'yan wasa, fifikon da ya rage yana wurin horarwa da renon matasa, kuma a nan ne Saracens ta daɗe tana cin riba. Mark McCall ya karɓi ragamar ƙungiyar a 2011 a matsayin daraktan wasa, muƙamin da ke sama da na babban koci, kuma a hannunsa ta dawo daga rukuni na biyu a 2021 ta sake ɗaukar kofin Premiership a 2023. Dokar ma tana ba da rangwame a kan 'yan wasan da ƙungiya ta rena da kanta, irin su Jamie George da Maro Itoje, wanda iyayensa 'yan Najeriya ne.

Kalmar ta kuma warware mini wata matsala da na yi niyyar kawowa daga baya. Akwai gurbin fitaccen ɗan wasa wanda ba a lissafa albashinsa a cikin jimillar, da gurbi biyu ne aka rage shi zuwa ɗaya, kuma yanzu zan iya kiransa "ɗan wajen geji" ba tare da dogon bayani ba. Ga yadda sakin layin ya fito bayan na sa kalmar, duk wanda ya ji wurin da ta yi masa tsaye a kunne sai ya nuna mini:

"Saracens ta gama kakar 2024/25 a matsayi na 6, ba ta kai ga wasannin kusa da na ƙarshe ba, a shekarar farko bayan tafiyar Owen Farrell da 'yan'uwan nan biyu, Mako da Billy Vunipola, zuwa Faransa. A 2025 Farrell ya baro ƙungiyar Racing 92 ya dawo gida bayan kaka guda, Alex Goode kuwa ya yi ritaya, Itoje kuma shi ne kyaftin. Ɗaga gejin albashin 'yan wasa zuwa fam miliyan 6.4 ya ba ƙungiyar sarari, amma ya ba Bath, wadda ta ɗauki kofin a 2025, irin wannan sarari, kuma ƙungiya mai 'yan wasan ƙasa da yawa takan cika gejinta da mutanen da Ingila za ta ɗauke mata a watan Nuwamba da lokacin gasar Ƙasashe Shida. Makomar kakar McCall ta fi rataya a kan matasan da za su tsaya a gurbinsu a waɗancan makonni."

Malamar Katsina:

Ya shiga kunne, Malam. Abin da kawai zan sauya shi ne "ɗaga geji", domin a wurin masu awo ƙara geji ake yi, kuma "ƙara" ce za ta dace da "rage" idan wata shekara aka sake saukar da adadin.