Ina Gwanayen Kano a Zamanin Turawa?

Malamin Zane, Gwale:
Salamu alaikum jama'a. Littafin da nake koyar da yara da shi ne ya tayar mini da tambaya. Amsa-amon yau "wa" ne, kowa ya riƙe.

Na buɗe babin gwanayen zane,
Na zamanin mulkin Turawa.

Aina Onabolu can a Ikko,
Ya shigar da zane aji yana koyarwa.

Ben Enwonwu a 1957,
Sarauniyar Ingila na zaune, surarta yake ƙerawa.

Ladi Kwali na kan naira ashirin,
Tukwanenta har Landan an kai nunawa.

Na bi shafi har bangon baya,
Ban ga mutum ɗaya ba cikin Kanawa.

Shin barci kakanninmu suka yi,
Ko mai littafi ne ya ƙi dubawa?

Jikan Magini, Unguwar Gini:
Wa'alaikumus salam. Malam, Allah ya ƙara sani, amma fito daga aji tukuna.

Kakana bai taɓa riƙe fensir ba,
Bango ne allonsa, da yatsu yake zanawa.

Ya kwaɓa ƙasa ta kwana ta ruɓa,
Ya fid da dagi tun kafin bushewa.

Katsin marina, gashin jima da dafara,
Laso ke nan in an gama haɗawa.

Ya shafe soro, ya tsai da zanko,
Damina ta wuce ba ɗigon ruwa.

Jirgin sama ya sauka Kano a 1925,
Aka tafi kallo, babba da yaro, kowa.

Daga baya sai ga shi a goshin zaure,
Jirgi da keke da takobi ya yi jerawa.

Attajirin gyaɗa ya biya, ya ji daɗi,
"Gidan wane" ake cewa, magini sai mantuwa.

Jikar Marini, Ƙofar Mata:
Yaya, ka wasa maza ka bar mu a tsakar gida. To ga namu.

Inna ce ke ƙulla farin yadi,
Da allura da zare, har dare tana ɗaurewa.

Ba ta taɓa taka bakin karofi ba,
Yaro ke kaiwa, yaro ke karɓowa.

Ganyen baba da toka su jiƙa a rami,
Hannun Baffa ya rine, ba ya wankuwa.

A tsoma, a ɗago, iska ta sha shi,
Kore ya koma shuɗi kafin ƙiftawa.

Mai saye sai ran kwance ƙulli zai ga zane,
Ita ta gan shi tun kafin kwancewa.

Sai jirgin ƙasa ya buɗe a 1912,
Yadin Manchesta ya cika kasuwa.

Mai araha ya ture mai wahala,
Mazarin Inna ya rage juyawa.

Baba na Dukawa:
'Yata, a yi adalci ko ga Bature ne. Ɗan Hausa, wato Bature Hanns Vischer, ya buɗe makaranta a Nasarawa a 1909, har da sashen sana'ar hannu a ciki. Gidansa na nan, ku je ku gani. Ni ba gwanin waƙa ba ne, ku yi haƙuri da guntuna.

Rini bai mutu ran da dogo ya zo ba,
Buzu bai bar ɗan Kura ba wurin naɗawa.

Bature na son alabe da matashin fata,
Ya taya, ya biya, ya yi tafiyarsa da yabawa.

Amma jar fatar akuyarmu a Turai,
Ta Maroko ake ce mata, ba mai gyarawa.

Malamin Zane, Gwale:
Allah ya ja kwana, Baba. Na karɓa, amma ba zan ɗora wa baƙo kayan duka ba.

Riga aska takwas, watanni ana ɗinki,
Ran hawan Sallah mai sawa ake nunawa.

Maroƙi ya wasa hakimi har dokinsa,
Wa ya ji an ambaci mai ɗinkawa?

Ladi ta shiga makarantar tukwanen Bature Cardew a 1954,
A Abujar da, wadda Suleja muke cewa.

Kowace tukunya da tambarinta a gindi,
Shi ya sa yau ba a yi mata musantawa.

Namu sun yi aiki sun ba da baya,
Mu ma ba mu tambayi suna ba wurin sayowa.

Jikan Magini, Unguwar Gini:
Wannan kam ta same ni, Malam.

Zauren da na faɗa muku mai jirgi,
Ba Bature ne ya zo ya yi rushewa ba.

Kai, amsa-amo ya kuɓuce mini, bari in gyara:

Jikokin mai gida ne suka so shago,
Bulo da suminti, aka sa hannu rushewa.

Jikar Marini, Ƙofar Mata:
Allah ya sawwaƙe. Amma Yaya, tunda ka faɗa da bakinka gaban shaidu:

Katsin da kakanka ya yi laso da shi,
Daga ramin Baffa yake kwasowa.

Ban ji a gida an ce ya biya ba,
Ka turo kuɗin, ba na yafewa.