Laccara ya ce ajinsa ba mitin ɗin TEIN ba ne, in kai ƙara ko in yi shiru?

Yar_Maamobi:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah shawara nake nema, abin nan ya kwana biyu yana ci na a rai. Ina lebul 200, wato shekara ta biyu, a wata jami'a nan Ankara babban birnin Ghana, ba zan faɗi sunanta ba kuma ba zan faɗi sunan malamin ba. Wannan semista muna da kwas na tarihin siyasar Ghana tun daga samun 'yancin kai. Malamin ya iya koyarwa wallahi, ba zan ci haƙƙinsa ba, amma sati uku cur muka yi kan Nkrumah da laifukansa, dokar tsare mutum ba shari'a ta 1958, yadda aka mayar da ƙasa ta jam'iyya ɗaya a 1964, yadda jagoran adawa J.B. Danquah ya mutu a kurkukun Nsawam a 1965, duk ya kawo su dalla-dalla har da abin da za mu je mu karanta. Da muka zo zamanin Firaminista Busia kuwa, dokar korar baƙi ta 1969 layi ɗaya ya rubuta a allo ya wuce.

Ni kuma wannan dokar a gidanmu ba labarin littafi ba ce. Ƙanin kakana nan aka haife shi, amma ba shi da takardar da zai nuna, haka ya hau lori da matarsa da yara suka tafi Najeriya, kakana har ya koma ga Allah bai sake sa shi a ido ba. Sai na ɗaga hannu na ce malam dan Allah a ɗan tsaya a nan, mutanen zango sun ji jiki a wannan lokacin. Buɗar bakinsa sai ya ce min nan aji ne ba mitin ɗin TEIN ba, wato reshen ɗalibai na jam'iyyar NDC, 'yan aji suka kwashe da dariya. Ni ko katin jam'iyya ban taɓa riƙewa ba. Bayan nan ya ba da asainmen, na rubuta a kan dokar 1969 ɗin, makin da na samu shi ne mafi ƙanƙanta tun da na shiga makarantar. Wata ƙawata ta ce ba abin da zan iya yi masa saboda laccarori suna da 'yancin koyarwa. Shin haka ne? 'Yancin ya kai nan? In kai ƙara wajen shugaban sashe ko in haɗiye, tunda shi ne zai duba jarrabawar ƙarshe?

Dattijo_Asawase:

Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya jiƙan kakanki. Ni da idona na ga 1969, ina ɗan saurayi a Kumasi. Ranar 18 ga Nuwamba aka fitar da dokar, aka ba mutane sati biyu kacal su nemo takardar zama ko su bar ƙasa. Mutane suka riƙa sayar da gida da gonar koko da shago a wulaƙance, abin da aka yi shekara ashirin ana tarawa a bayar da shi a kuɗin mota. Wasu ma ba su san garin da za su ba, iyayensu ne suka zo fataucin goro, su nan aka yanke musu cibi. Don haka wanda duk ya koyar da tarihin ƙasar nan ya tsallake wannan, bai ba ki cikakken tarihi ba, gaskiyarki ce.

Amma ki saurara in ƙara miki wani abu da shi ma ba kasafai ake faɗa ba. Shekara goma sha biyu kafin Busia, gwamnatin Nkrumah ta taɓa mu. A 1957, watanni kaɗan bayan samun 'yanci, aka kori Alhaji Amadu Baba, Sarkin Zangon Kumasi, shi da Alhaji Usman Lardan, aka kai su Najeriya don suna cikin jagororin jam'iyyar Musulmi ta MAP mai adawa da CPP, jam'iyyar Nkrumah. Sun je kotu suna cewa su 'yan ƙasa ne, sai majalisa ta yi doka ta musamman da sunayensu su biyu a jiki aka fitar da su. A shekarar dai aka yi dokar da ta hana kafa jam'iyya da sunan addini ko yanki ko ƙabila, MAP ta narke cikin United Party.

Kin ga ke nan zango ya sha ta hannun dama ya sha ta hannun hagu. Da a hannun laccara ɗan ɗaya ɓangaren kika faɗa, 1969 zai yi miki sati uku a kai, Amadu Baba kuma ko layi ɗayan ba zai samu ba. Abin da ya fi ɓata min rai a labarinki shi ne yarinya ta faɗi abin da ya samu gidansu, a take aka sa mata rigar jam'iyya. Kada ki yarda ki sa rigar nan 'yata, ko ta wane launi ce.

Sadiq_Base:

Sista ni dai shawarata, wata rana ki kunna waya ki ɗauki muryarsa ki watsa a TikTok da Facebook, kwana ɗaya ya ishe shi. Mutanen nan sun raina mu da yawa, da an ji ɗan zango sai a ce ai ɗan NDC ne ko kuma ɗan bangar siyasa. Kuma wallahi ya kamata gomnati ta yi doka ta hana laccarori siyasa kwata-kwata, kuɗin talaka ake biyan su da shi, da safe yana rediyo yana kare jam'iyyarsa da rana ya shigo aji ya ce shi malami ne mai adalci, wa zai yarda?

Malam_Alli:

Ƙanwata, ni ma laccara ne, shekaru na yi ina wannan aikin, bari in raba miki abin gida-gida don ƙawarki ta haɗa abubuwan da ba ɗaya ba ne.

'Yancin da take magana a kai gaskiya ne akwai shi, yana cikin kundin tsarin mulki na 1992, sashe na 21, inda aka yi maganar 'yancin tunani da imani aka ce ya haɗa da 'yancin ilimi. Amma sashen cewa ya yi kowane mutum, bai ce laccara kaɗai ba, ke ma ɗaliba kina ciki. Malami yana da damar ya zaɓi inda zai ba ƙarfi a kwas ɗinsa, yana da damar ya faɗi fahimtarsa a kan Nkrumah ko Busia ko Rawlings ko da ba ta yi wa rabin aji daɗi ba. Sati uku can layi ɗaya nan, a wurina rauni ne a koyarwa, amma ba laifin da za a hukunta shi ba ne. Yi miki dariya a gaban aji rashin ɗa'a ne, ni na ji kunya a madadinsa. Maki kuma maganarsa daban. In har an rage miki maki saboda inda ra'ayinki ya karkata, babu wani 'yancin ilimi da ya rufe wannan, zalunci ne kawai.

Sai dai ba mu tabbatar ba tukuna, ke ma ba ki tabbatar ba. Na sha duba rubutun ɗalibai a kan abin da ya taɓa zuciyarsu, zafin yakan yi yawa hujja ta yi kaɗan, labarin gida ya cinye wurin da ya kamata a kawo majiya. Ban ce naki haka yake ba. Ki je ofishinsa da ladabi ki ce kina so ki ga takardarki da ma'aunin da ya bi ya ba da maki, ki ce kina so ki gyara ne kafin jarrabawa. Ki tafi da ƙawa ɗaya. In ya nuna miki kurakurai na gaske kin ƙaru, in kuma ya kasa nuna komai sai ki rubuta wa shugaban sashe, ki duba littafin dokokin ɗalibai na makarantarku wajen maganar sake duba takarda, a ba wani malamin ya duba. Ki tsaya kan maki kaɗai, kada ki rubuta cewa shi ɗan jam'iyya kaza ne, wannan ba za ki iya tabbatarwa ba kuma zai karkatar da maganar.

Sadiq, kai kuma dokar da kake kira ita ce abin da na fi tsoro. Wa zai riƙe wuƙar? Gwamnatin da ke kan mulki. A 1964 gwamnati ta kori wasu malamai 'yan ƙasar waje daga Jami'ar Ghana da ke Legon, shugaban jami'ar na lokacin, Conor Cruise O'Brien ɗan ƙasar Ireland, ya yi ta sa-in-sa da Nkrumah a kan wannan 'yancin har ya bar aikin a 1965. A 1983 soja suka rufe jami'o'i wata da watanni. Kuma da aka yi shekaru kowa ya ja bakinsa a zamanin PNDC, mulkin soja na Rawlings, wa ya fara magana a bainar jama'a? Farfesa Adu Boahen ne, malamin tarihi, a laccocinsa na 1988, kuma shi ɗin ba ɗan ba-ruwana ba ne, shi ya tsaya wa NPP takarar shugaban ƙasa a 1992. Tsohon shugaban ƙasa Atta Mills ma daga koyar da shari'a a Legon ya fito. Da dokarka tana aiki da tun farko an rufe musu baki. Ko a 2020 da aka kawo ƙudirin dokar jami'o'in gwamnati wanda zai ba shugaban ƙasa ikon naɗa mafi yawan 'yan majalisar gudanarwar jami'a, ƙungiyarmu ta malaman jami'a UTAG ta tashi tsaye har aka ajiye shi, kuma cikinmu akwai masu son gwamnatin lokacin da suka ƙi shi.

Abu_Bronx:

Malam ya gama magana, ni dai bari in kawo shaida daga nan Amurka tunda 'yata tana kwaleji a nan. Abin da Sadiq ke so su sun gwada. Jihar Florida ta yi doka a 2022 ta iyakance yadda za a koyar da batun launin fata, kotun tarayya ta dakatar da ɓangaren da ya shafi jami'o'i. A Disamba 2023 majalisa ta kira shugabannin manyan jami'o'i a kan zanga-zangar Gaza da zargin ƙin jinin Yahudawa, kafin wata guda ya cika shugabar jami'ar Pennsylvania da ta Harvard duk sun sauka. Yanzu abin da 'yata ke faɗa min shi ne malamai tsoron wayar ɗalibai suke, ɗalibai kuma tsoron juna, da an taɓo Falasɗinu sai aji ya yi tsit kamar an yi mutuwa. Kuɗi muke biya ba kaɗan ba don yaro ya je ya zauna a ajin da ba mai iya tambaya.

Don haka ƙanwata kar ki ɗauki muryarsa. Yau ke ce mai gaskiya, gobe wani zai ɗauki muryar malamin da ya tsaya ya koyar da 1969 ɗin da kyau, ya yanko minti ɗaya ya watsa ya ce ga malami yana zagin jam'iyyarmu.

Sadiq_Base:

To Malam na ji, na janye maganar doka da ta waya. Amma ku ma ku faɗa wa 'yan uwanku gaskiya a can UTAG ɗin, in gomnati ta taɓa ku kuna da ƙungiya kuna da yajin aiki, ɗalibi in laccara ya taɓa shi me yake da shi? Shugaban sashen da za a kai wa ƙara tare suke shan shayi da wanda ake ƙara. Yara da yawa shiru suke yi su rubuta abin da malam ke so don su wuce kawai.

Yar_Maamobi:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba wallahi ban taɓa jin labarin Alhaji Amadu Baba ba sai yau, kuma ni da nake ƙorafin an tsallake tarihinmu ashe rabinsa na sani. Malam na sake karanta asainmen ɗin daren jiya, gaskiya shafi biyu na farko duk labarin gidanmu ne, majiya biyu kaɗai na kawo, amma duk da haka ban yarda makin ya dace ba. Ranar Talata yake zama a ofis, zan je da ƙawata in nemi ganin takardar kamar yadda ka ce. Baba dan Allah in akwai wani dattijo a Asawase ko Aboabo da ya ga korar 1957 da idonsa kuma zai yarda a yi hira da shi, ka taimaka ka haɗa ni da shi, hutun nan zan zo Kumasi wajen gwaggona.