Wai don Allah wacece Fatima Jinnah ta Pakistan?

Maman Rabi, Tawa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Diyata tana lise, mushen tarihi ya ba su aiki kan matan da aka kafa kasa da su, ita Fatima Jinnah ta fado mata. Jiya da dare muna zaune bisa tabarma tana dube-dube a waya sai kawunta ya ce wai mace musulma ina ita ina siyasa, yarinyar nan ta aje biro ta yi tsit, abin ya tsaya min a rai wallahi. Wanda ya san tarihinta ya taimaka mana.

Dan Ader:
Wa alaikumus salam Hajiya. Kanwar Muhammad Ali Jinnah ce, wanda ya kafa Pakistan. An haife ta a Karachi 1893, likitar hakori ce fa, a Kalkata ta yi karatu ta bude wurin aikinta a Bombay 1923. Da matar yayan nata ta rasu a 1929 sai ta rufe ta koma gidanshi, ita ke kula da shi ita ke bin shi taro-taro har aka raba Pakistan da Indiya a 1947. Lokacin rabon nan mutane miliyoyi suka bar gidajensu, ita ta hada mata suna agaza ma 'yan gudun hijira. Shi ya sa suke ce mata Madar-e-Millat, uwar al'umma kenan.

Malama Hadiza, Yamai:
Dan Ader ka bar babban wurin. A 1965 tana da shekara 71 ta tsaya takarar shugaban kasa da Ayub Khan, soja mai mulki, lokacin da manyan maza duk sun yi lakwas. Ba talakawa suka kada kuri'a ba, wakilai dubu 80 ne, duk da haka ta ci Karachi da Dhaka, kuma 'yan adawa sun ce an yi magudi. Yaya ki gaya ma kawun yarinyar cewa har jam'iyyar addinin Musulunci Jamaat-e-Islami ta babban malami Maududi ta mara mata baya a zaben nan. Kuma yarinyar ta tuna ma mushen 13 ga Mayu 1991, ranar da matan Yamai suka fito zanga-zanga don a sa su cikin shirin taron kasa, mamata tana ciki, har yau tana ba mu labarin zafin ranar da suka sha.

Maman Rabi:
Allah ya saka da alheri, ga ta nan ta dauki biro tana kwafa. Ta ce yaushe ta rasu?

Dan Ader:
9 ga Yuli 1967 a Karachi, kusa da kabarin yayanta aka rufe ta.